Tsohon akwatin kifi na akirilik: yadda ake duba shi, a wanke, a mayar da shi bakin aiki

Tambaya: Na samu tsohon akwatin kifin ado na akirilik, tsawonsa santimita 100, faɗi 40, tsayi 50. Ya daɗe a ajiye ba ruwa. Jikinsa duk farin ɓawo da busasshiyar gansakuka, ga kwarzane ko'ina, gabansa ya yi dishi-dishi. Niyyata in kankare shi da reza, in goge da sifirit ko ruwan wanke taga, sannan in bi kusurwoyin da silikon. Hakan ya yi, ko akwai gyara?

Amsa: Akwai gyara, Malam, kuma ka yi dabara da ka tambaya kafin ka sa hannu. Reza da sifirit da silikon duk kayan aikin akwatin gilashi ne. A jikin akirilik reza yanka za ta yi, sifirit ya tsattsaga shi, silikon kuma ya lafe na ɗan lokaci sannan ya ɓamɓare. Akwatuna da yawa sun jure shekaru a ɗakin ajiya lafiya lau, wankin rana ɗaya ya gama da su.

Akirilik nau'in roba ne, ko da yake daga nesa ido ba ya raba shi da gilashi. Masana sinadarai PMMA suke ce masa. Kamfanin Röhm da Haas na Jamus ya fito da shi da sunan Plexiglas a 1933, a Ingila kuma aka san shi da Perspex. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, haske yana ratsa shi da kusan kashi 92 cikin 100, kuma wajen jure bugu ya fi gilashi nesa ba kusa ba. Shi ya sa manyan gidajen nuna kifi suka rungume shi. Tagar babban tankin gidan nuna kifi na Churaumi da ke Okinawa a Japan kaurinta santimita 60, duk akirilik. Sai dai fatarsa laushi gare ta, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja masa layi. Amma laushin nan ne ya sa ake iya gyara shi. Kwarzane a jikin gilashi da wuya ya fita, a jikin akirilik kuwa ana gurzawa ya fita.

Babban bambancin yana kusurwoyi. A akwatin gilashi silikon ne ke riƙe da bango da bango, in ya tsufa a kankare a zuba sabo. A na akirilik babu gam a tsakani. Wani ruwan sinadari ake zurarawa ya narkar da bakin allunan biyu, su cakuɗe, sinadarin ya bi iska, su zama abu guda. Ke nan babu abin da za ka sabunta a wurin. Mahaɗin ko dai lafiyarsa ƙalau, ko ya fara rabuwa. In ya fara, silikon ba zai riƙe shi ba, rufe maka ido kawai zai yi har ranar da ruwa zai nemi hanyarsa.

Don haka abin da na fi so ka riƙe shi ne jerin aikin. Mutane sukan fara da goge kwarzane saboda shi ke tsone musu ido, su kwashe kwanaki suna gurza, ranar da suka zuba ruwa su tarar gindin yana tsatsafo. Kai ka juya lamarin. Ɗauraye shi sama-sama, ka binciki mahaɗai, ka gwada shi da ruwa. In ya tsallake wannan, to ya cancanci wahalar wanki da gogewa.

Ɗaurayar farko da tiyo kawai za ka yi ta, ba tsumma, ba soso. Ƙurar da ta kwanta a kansa cike take da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma duk wanda ya goge ta a bushe, samfefa ya sa wa akwatin bai sani ba. Kwantar da shi a kan tsohon bargo, ka bar ruwa ya kwashe abin da zai iya kwashewa. Ruwan ya zama mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi. Tafasasshe kada ya kusance shi, domin zafi yana sa akirilik ya buɗe kusan ninki takwas na yadda gilashi ke buɗewa, kuma in ɓangare ɗaya ya buɗe ɗaya bai buɗe ba, mahaɗi ne ke shan wahalar. Wajen ɗagawa kuma a tallabe shi ta gindi, kada a riƙe shi ta allon saman.

Idan za ka iya samun wanda ya yi amfani da shi a da, tambaye shi me ya zauna a ciki. In an taɓa ajiye ɓerayen ado, fitsarinsu yana fitar da amoniya, haƙoransu kuma ba sa barin kusurwa. In ƙadangaru ne ko maciji, to an ɗora masa fitila mai zafi, ka duba saman ko ya lanƙwashe. In an taɓa zuba wa kifi magani mai sinadarin tagulla, kuma kai kana da niyyar sa jatan lande ko dodon koɗi, to tsohon tsakuwa da duwatsu da soson filta duk ka zubar, su ne ke riƙe maganin. Auna kaurin allon kuma. Ga tsayin santimita 50 ana so ya kai wajen milimita 10, da allon sama mai riƙe bangayen. In ka tarar da siririn abu milimita 4 ko 5 a wannan tsayin, ba don a cika shi da ruwa aka ƙera shi ba.

Yanzu mahaɗai. Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma bai ɓaci a banza ba. Bari ya bushe, ka shigar da shi wuri mai duhu, ka ɗauki tocila ka ɗora bakinta a kan gefen allon yadda hasken zai bi cikin kaurinsa. Mahaɗi mai lafiya garau yake, kana hangen ɗaya allon ta cikinsa kamar babu komai a tsakani. 'Yan ƙananan kumfa jefi-jefi a tsakiya ba abin damuwa ba ne, tun daga wurin ƙira suke. Abin tsoro shi ne wurin da ya yi fari kamar hazo, ko yake ƙyalli kamar azurfa idan ka karkata tocilar, musamman in ya faro daga bakin ciki yana tafiya waje. Wannan alluna biyu ne suka fara sakin juna. Bi mahaɗan gindi guda huɗu santimita bayan santimita, sannan na tsaye, sannan inda allon sama ya haɗu da bangaye. Duk inda ka ga fari, manna guntun salatif ta waje a farkonsa da ƙarshensa. Kada ka yi alamar da alƙalamin maka, tawadarsa akwai sifirit a ciki.

Da wannan hasken za ka raba kwarzane da tsattsagewa, kuma dole ka raba su. Kwarzane a fata yake, farce yana jin sa, kuma yana da hanya ɗaya da ya bi. Tsattsagewa kuwa ɗaruruwan ƙananan layuka ne masu walƙiya, kamar saƙar gizo-gizo, farce ya wuce sumul bai ji komai ba domin a cikin naman allon suke. Suna fitowa ne inda roba take cikin matsi sannan wani sinadari ya taɓa ta, ko inda zafi ya daɗe yana dukanta. Samfefa ba ta fitar da mai zurfi. In kaɗan ce a tsakiyar bango can sama, akwatin zai iya aiki da ita shekaru, muni kawai ne. In ta taru a bakin mahaɗin gindi, ko a kusurwar ramukan allon sama, ko kewaye da hudar bututu, to a wurin da ake buƙatar ƙarfi ne ƙarfin ya ragu, kuma ni ban yarda da irin wannan akwatin a cikin ɗaki ba.

Allon saman nan da aka yanke wa ramuka ba ado ba ne. Shi ke hana bangayen buɗewa. Wasu sukan faɗaɗa ramin don filta ta shiga ko hannu ya sake, su bar kusurwa mai kaifi, daga nan tsaga take farawa. In ka ga an yi masa irin wannan aika-aika, ka sa ido sosai lokacin gwaji. In akwai hudar bututu a gindi ko a baya, kwance kayan haɗin, ka jefar da tsohuwar washar roba ko da ta yi kama da mai kyau, ka sa sabuwa. Ɗaurin hannu da ɗan ƙari kaɗan ya isa. Matsewa da sifana ita ke tsaga bakin huda.

Gwajin ruwa a waje ake yin sa, a inuwa, a kan daɓe mai lebur. Shimfiɗa falankin filawud, ka ɗora siririn soso, ka shimfiɗa busasshen kwali ko jarida a kai, sannan akwatin. Takardar ce za ta tona asirin ɗigon da ido ba zai gani ba. Kafin ka zuba ruwa, auna faɗin akwatin a tsakiya ka rubuta. Zuba sulusi ka bar shi 'yan awoyi, ka ƙara zuwa kashi biyu cikin uku, washegari ka cika. Manna salatif a daidai bakin ruwan, ka rufe saman don kada tururi ya ruɗe ka. Kwana 2 shi ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi. Kullum ka sake awon faɗin, ka duba fararen wuraren da ka yi wa alama. Ɗan kumburin ciki na 'yan milimita halin akirilik ne. Amma in awon yana ƙaruwa kowace rana, ko farin ya haura salatif ɗinka, zuƙe ruwan nan take da tiyo. Kada ka ce za ka karkata shi ka zubar, akwati mai ruwa ba a motsa shi.

Don ka san abin da kake gwadawa: akwatinka lita 200 yake ci, wato kilo 200 na ruwa kafin a sa yashi da duwatsu. Bangon gaba shi kaɗai ruwan yana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 125, kuma mafi yawan turin a ƙasa yake, daidai kan mahaɗin gindi. Tsayi ne ke kawo wannan. In ka ninka tsayin ruwa sau biyu, turin da ke kan bangon ninki huɗu yake yi. Akirilik kuma in zai saki ba lallai ya yi sallama ba. A Disamba 2022 babban tankin AquaDom da ke cikin wani otal a birnin Balin na Jamus ya fashe da asuba bayan kusan shekara 20 a tsaye, ruwa wajen lita miliyan ɗaya ya malale da kifi kimanin 1,500. Naka ƙarami ne, amma lita 200 a tsakar ɗaki kusa da soket ɗin lantarki ba wasa ba ce.

Tun yana cike, ja kujera ka zauna gabansa ka kalli kwarzanen. Za ka yi mamakin yadda mafi yawan na ciki suka ɓace. Dalili shi ne ruwa da akirilik sun kusa daidaita wajen karya haske, na ruwa 1.33, na akirilik 1.49, iska kuwa 1 ce. Idan ruwa ya cika ramin kwarzanen, hasken ba ya watsewa kamar yadda yake yi a bushe. Waɗanda suka rage kana ganinsu, su ne kawai abokan aikinka. Yi musu alama ta waje. Wannan zaman na minti goma yana iya rage maka rabin gurzar.

To, wanki. Farin ɓawon nan kalsiyam ne da ruwa ya bari yana ƙafewa, kuma tsami ke narkar da shi, ba ƙarfin hannu ba. Haɗa farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko ka narkar da garin sitirik asid cokali 2 zuwa 3 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Na fi son sitirik, ba shi da wari kuma ya fi saurin ci. Kwantar da akwatin yadda bangon da kake wankewa zai zama a ƙasa, ka zuba ruwan tsamin ya kwanta a kai, ko ka jiƙa tsumma ka shimfiɗa. Bayan minti 20 zuwa 30 za ka ga ɓawon yana 'yan kumfa yana laushi. Ture shi da tsohon katin roba irin na banki, wanda bakinsa bai tsage ba, ka ɗauraye. In da saura, sake jiƙawa. Sau uku na jiƙo ya fi sau ɗaya na dirza. Gansakukar ma da ta sha ruwa za ta biyo katin. Tsumman ya zama mai laushi irin na goge tabarau, ko auduga tsantsa da aka wanke. Takardar goge hannu da soson wanke tukunya mai kore a baya, duk suna barin dishi-dishi.

Sabulu da garin wanki ba sa cutar da robar, kifin suke cuta. Suna maƙalewa a kusurwa da cikin kwarzane, kuma kaɗan ya isa ya lalata gaɓoɓin numfashin kifi. A bar su. Waɗanda ke cutar da robar kanta su ne sifirit, da asiton wanda ake goge jan farce da shi, da tina, da fetur, da ruwan wanke taga, wanda galibi amoniya ce da sifirit a ciki. Mugun halinsu shi ne ba lallai ka ga ɓarnar a ranar ba. Ka goge, ya yi ƙyalli, ka ji daɗi. Bayan kwanaki, ko bayan an cika ruwa matsi ya hau, sai tsattsagewar ta bayyana, kuma ba ta komawa. In akwai ragowar gam na tsohuwar sitika ta waje, jiƙa shi da ruwan ɗumi ka murza da yatsa, zai tattaru.

Bayan tsami sai kashe ƙwayoyin cuta, tunda ba ka ga ƙarshen kifayen da suka zauna a ciki ba. Bilic na wanki, tsantsa wanda ba turare ba kauri, kashi 1 cikin ruwa kashi 19. Ba sai ka cika akwatin ba, shafe ko'ina da shi ya jiƙu, ka bar shi minti 15 zuwa 20. Amma kafin bilic ya shiga, ka tabbata ka ɗauraye tsamin tas. Bilic da tsami in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, kuma kanka yana cikin akwatin lokacin. Bayan haka ɗauraya har sai hancinka ya daina jin warin, ka cika da ruwa ka zuba maganin cire kulorin na masu kifi ninki biyu ko uku na ƙa'ida, ka zubar, ka bar shi ya bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Sa safar hannu a duk wannan aikin. Akwai wata ƙwayar cuta, Mycobacterium marinum, da ke zama a akwatunan kifi, tana shiga ta ƙaramin rauni ta haifar da ƙurji a hannu mai wuyar warkewa.

Sai gurza. Fara da bangon baya don hannunka ya koyi aikin inda ba a gani. Dishi-dishi kawai, wanda farce ba ya ji, man goge roba ya ishe shi. Layin da farce ke ji sama-sama, fara da samfefar ruwa mai lamba 1000 ko 1500. Wanda farce ke maƙalewa a ciki, sai ka sauko 600, in ya ƙi 400. Ƙa'idar ita ce ka fara da mafi laushin da zai iya cin kwarzanen, domin duk lambar da ka sauka, sai ka biya ta da aikin hawowa. Jiƙa samfefar, ka naɗe ta a jikin ɗan katako mai lebur ko tauraren soso. Da yatsa zalla rami za ka haƙa. Gurza a miƙe, gaba da baya, ruwa yana zuba, har kwarzanen ya ɓace cikin farin da ka yi.

A nan ne gaban mutum yake faɗuwa, domin wurin zai yi fari fat, ya fi da muni. Haka ake so. Ɗauraye wurin da hannunka da katakon, ka ɗauki lamba ta gaba, ka juya hanyar gurzar: in da daga hagu zuwa dama ka yi, yanzu daga sama zuwa ƙasa. Amfanin juyawar shi ne za ka gane lokacin da layukan lambar baya suka ƙare. Muddin kana hangen ko ɗaya a kwance, ba ka gama ba. Haka za ka hau 800, 1000, 1500, 2000, 3000, kada ka tsallake ko ɗaya. Akwai samfefa mai taushin baya irin Micro-Mesh da ke kaiwa har 12000, in ka same ta aikin man gogewa zai yi sauƙi ƙwarai. Ɗaurayar tsakanin lamba da lamba kada ka raina ta. Ƙwaya ɗaya ta 400 in ta maƙale ta biyo ka zuwa 2000, ta mayar da kai farko.

Kowace lamba ka faɗaɗa wurin ya ɗan zarce na baya. In ka tsaya a kan layin kaɗai, za ka cire kwarzanen amma ka bar kwari, kuma kwari a jikin allo mai haske tabarau ne: kifi zai zo wucewa ka ga ya lanƙwashe ya miƙe. Wannan ya fi kwarzanen ban haushi, kuma ya fi wuyar gyara. Shi ya sa sara mai zurfi sosai nake cewa a bar shi. In bangayen biyu duk garau ne, juya akwatin mai saran ya koma baya, shuka ta rufe shi. Kusa da mahaɗi kuma ka tsaya da tazarar yatsa biyu, ba a rage kauri a wurin.

Man gogewa ka nemi wanda aka yi don roba. Novus shi ne sananne: lamba 3 ta kwarzane mai ɗan nauyi, lamba 2 ta ƙarasa ƙyalli, lamba 1 ta share fuska. Man goge mota ka bar shi, da yawansu akwai kakin zuma da sinadaran fetur. Da hannu aikin yana yiwuwa, kafaɗa ce za ta gaya maka. In da inji za ka yi, sa kan soso, ka rage gudu, kada ka tsaya wuri ɗaya, kana yi kana taɓawa da bayan hannu. In ya wuce ɗumi, dakata. Robar tana fara laushi a wajen digiri 100, kuma injin da ya tsaya wuri guda yana kai ta can cikin daƙiƙoƙi, ya bar tabon da sai an koma samfefa. Za ka ji wasu suna cewa a bi shi da harshen wuta ya yi sheƙi. A sabon guntu wannan dabara ce, a tsohon akwati kuwa matsi take cusa wa allon, tsattsagewa ta biyo baya. In ka gama, ɗauraye cikin sau da yawa har ragowar man ya fita daga kusurwoyi.

Idan gwajin ruwa ya nuna ɗigo, ko farin mahaɗi yana tafiya, gyaran ya danganta da wurin. Ƙaramar rabuwa can sama ana iya ceto ta. A bar akwatin ya bushe mako guda ko fiye, domin akirilik yana shan ɗan ruwa a jikinsa kuma damshi yana sa haɗin ya yi fari. Sannan a zurara siririn ruwan haɗi irin Weld-On 4 da sirinji, shi da kansa zai bi tsagar ya shige. Sai dai tsohon mahaɗi datti ya riga ya shiga cikinsa, ba ya kamawa kamar sabo, don haka ake ƙara masa sandar akirilik mai kusurwa huɗu a manna ta a lungun ta ciki da mai kauri irin Weld-On 16 ko 40, ta zama ita ce sabon ƙarfin. Tsaga a tsakiyar allo kuma ana huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don ta daina tafiya, a manna faci na akirilik a kai. A jira mako guda, a sake gwajin ruwa daga farko. Da yawa daga cikin siraran ruwan haɗin nan akwai sinadarin dikuloromitan a cikinsu, shaƙarsa tana da haɗari, sai a fili da tabarau da safar hannu. Ɗigo ɗaya in ya faɗi a fuskar allo kada ka share, bar shi ya bushe ka gurje daga baya.

Amma in mahaɗin gindi ne ya rabu da tsawo, ko tsattsagewa ta bi shi, shawarata ka haƙura da cika shi. Zai yi kyau da shuke-shuke da ƙasa, ko ruwa kaɗan iya tafin hannu. Mai koyo ya gyara gindin akwati mai lita 200 sannan ya kwana kusa da shi, ban ga ribar ba.

In komai ya tafi daidai, saura wurin zama. Akwatin gilashi mai firam a gefuna yake tsayawa, na akirilik kuwa dole gindinsa gaba ɗaya ya zauna a kan abu mai lebur, in ba haka ba tsakiyar za ta lotsa ta ja mahaɗai. Teburi mai ƙarfi, filawud mai kauri a kai, siririn soso a tsakani, ka sa ma'aunin magina ka tabbata bai karkata ba ta kowace fuska. Kada ya sha rana kai tsaye. Hita kada ta jingina da bango, fitila mai zafi kuma kada ta kwanta a kan allon sama.

Kifi ba ranar za su shiga ba. Bilic ya kashe har da bakteriya masu amfani, waɗanda ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su sake kafuwa a cikin filta akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, kana auna ruwan, har amoniya da naitirait su sauka sifili. In ka samu soson filta daga akwatin da ke aiki kuma kifinsa lafiyayyu ne, lokacin zai ragu sosai. Sannan ka sa kifi kaɗan-kaɗan.

Wajen share gansakuka nan gaba, sayi abin gogewa da aka rubuta na akirilik ne. In mai maganaɗisu ne, duba fuskarsa kafin kowane amfani, kuma ka tsaya yatsa biyu sama da yashi. Layin ƙasan ka bi shi da katin roba, daga sama zuwa ƙasa, kana ɗaga katin kafin ka dawo.